Baba Abdulbaƙi Yana Mayar da Kayan 'Yan Ƙwallo Gida

Idan aka sallame Asuba a Hindawiyya, unguwarmu ta Makka, Baba Abdulbaƙi yakan buɗe shagonsa, ya ɗora shayi, sannan ya ɗauki tsumma ya bi bango yana goge hotuna. Sana'arsa ɗinkin takalma da ƙwallo, amma mai takalmi sai ya jira. Mu maƙwabta mun sha yi masa tsiya, wai ya fi kula da tsummokara a kan masu ciniki. Murmushi kawai yake yi.

Tsummokaran nan kayan tsofaffin 'yan ƙwallonmu ne, 'ya'yan Hausawa da suka buga a filayen unguwannin Makka, kan tsakuwa. Ga riguna da suka koɗe, ga usur mai tsatsa, ga takalman da shi da kansa ya yi wa faci yana saurayi. Da yawansu ba su tsufa a nan ba. Wani iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wani iyaye suka kira, suka koma Kano da Sakkwato da Damagaram. Filayen kuwa an dasa benaye a kansu.

Sai Baba ya samo dabara. Duk shekara, idan alhazai suna ɗaure kaya, yakan bi masaukansu da gorar zamzam da farar takarda. "Alhaji, don Allah in ka isa Sakkwato ka nemo mini wane. Zamzam nasa ne. Ya rubuto wasa ɗaya da yake tunawa, ya sa hannu." Wata takardar ta dawo da shekara ta zagayo, wata har yau shiru. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa, ya dangwala yatsa. Ina wurin ranar da ta Lurwanu mai ƙafar hagu ta iso, da ajami duk a karkace saboda tsufa. Baba ya karanta, ya juya mana baya, ya daɗe yana neman basillar da ke hannunsa.

Kai ne, Baba, ka hana a manta da mutanen da ko jarida ba ta taɓa buga sunansu ba. Kai ne ka riƙe kewarsu, mu muna ta harkar gabanmu. Ni da na fi kowa yi maka tsiya, a shagonka nake huce kewar gida.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, shago zai tashi, kaya ba su da wurin zuwa. 'Yarsa Haifa ta ce, "Baba, khalas, shi ke nan, akwai wani a Jidda da zai karɓa duka ya sa a gilashi. Sai mu ɗauki hotuna a waya."

Ya ce, "A cikin gilashi wa zai san su, ya binti? Su je inda za a yi kuka."

Tun daga nan ya juya hanyar. Alhazan da a da suke kawowa, yanzu su ke kaiwa: kowace riga da wasiƙarta, zuwa hannun 'ya'yan mai ita. Yakan shafa kowace a ƙirji kafin ya ɗaure. Wallahi kallon yana yi mini ciwo.

Mun gode, Baba. Allah Ya haskaka idonka, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tsoho a gida, ku zaunar da shi ku tambaye shi tun yana iya ba da amsa.

Saura safar hannu guda, ta Ɗaso mai tsaron gida. Ya rasu a Damagaram yana dako a kasuwa, ya bar 'ya mai suna Shatu, wadda ba ta taɓa ganinsa a filin ƙwallo ba. Duk mai zuwa Umra daga can ya biyo ta Hindawiyya. Saƙon da Baba zai haɗa shi da shi gajere ne: "Ka ce mata ubanta ba ɗan dako kawai ba ne. Makka ta taɓa miƙewa tsaye tana tafa masa."