Baba Mai Faifai da Akwatin Kiwon Kaji

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa riskar Baba Mai Faifai a hanya ba. Yakan jingine kekensa a bayan ɗakin janareta, ya bi dogon barandar gidan rediyonmu har ƙarshe, ya buɗe ɗakin nan marar taga da ake ajiye kaset-kaset. Sai ya rataye hula a ƙusa, ya kunna fankar da ke kuka kamar tsohuwar akuya, ya zauna da fensir yana naɗe zaren kaset ɗin da mu 'yan gaggawa muka yamutsa. Duk shirin da aka watsa, sai ya rubuta masa rana da sunan mai magana. In ka ce, "Baba, wa zai nemi wannan?" sai ya ce, "Mai shi, ranar da ya rantse bai faɗa ba."

Masu sauraro ba su taɓa jin muryarsa ba. Wannan makon ya yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani, ko da ni zai tona wa asiri.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, rikicin kan iyaka ya taso tsakaninmu da maƙwabta. Ni ke gabatar da shirin muhawara na bayan la'asar, ina cikin tashen samartaka, kaina na hayaƙi. Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin kwanakin nan. Waya ba ta hutawa, teloli da masu aski duk tasharmu suke kamawa, in na shiga kasuwa har nuna ni ake yi. Masana su zo da manyan riguna su ce sati biyu ya isa mu gama da su. Wanda ya ambaci sulhu kuwa, mu yi masa ca, mu ce tsoro ne.

Wata rana wata dattijuwa ta bugo waya. Ta ce, "Ɗan nan, ina da tambaya. Ku da kuke cewa a tafi, a tafi, a cikinku wa zai tafi? Ni dai nawa ɗan soja ne, shi kaɗai ne namiji gare ni." Na yi dariya na ce, "Mama, a je a huta, wannan maganar maza ce." Na katse ta.

Yaƙin sati biyu ya ci shekara uku. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mu da muka ja, ko ɗigo bai taɓa mu ba. 'Ya'yan wasu ya doka.

Da ƙura ta lafa, shugaban tasha na lokacin ya ba da umarni a goge duk shirye-shiryen watanni ukun da muka yi muna zuga yaƙi, wai za a sake amfani da kaset ɗin. Kowa ya san dalili, ni kuwa har ajiyar zuciya na yi. Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe." Iya mai shara ce ta ga abin da ya yi. Ta ce ya rufe ƙofa, ya ɓare takardun da ke jikin kaset sittin da ɗaya, ya liƙa sababbi, ya jera su a akwati, ya rubuta a kai: Shirin Kiwon Kaji. Ta ce masa, "Baba, in aka gane fa? Korarka za a yi, ko ma abin da ya fi haka." Ya ce, "Iya, a gidan nan wa kika taɓa gani ya nemi shirin kaji?"

Shugaban ya yi zargi amma bai samu hujja ba. Daga ranar ƙarin girma ya daina sanin hanyar ɗakin Baba. Waɗanda ya koya wa riƙe kaset suka zama shugabanninsa, har da ni, bai taɓa ɗaure wa kowa fuska ba.

Kai ne, Baba, rumbun da gara ba ta ci. Kai ne ka san magana zarar bunu ce, ka kuma hana mu yi kamar ba mu zara ba.

Bana kan iyaka ya sake ɗaukar zafi, ina jin matasan masu gabatar da shirye-shiryenmu suna rera irin waƙar da na rera. Ranar Litinin da Baba ya zo sallama, ya ajiye akwatin a teburina, ya zaro kaset ɗaya. Ya ce, "Ɗana, wannan naka ne. In ka ga dama ka goge, yanzu kai ne mai gida."

Na saurara ni kaɗai a ofis. Dariyar nan tawa ta fi mari zafi. Shekaranjiya bayan la'asar na sa shi a rediyo ɗungurungum, na gaya wa jama'a ni ne mai dariyar nan.

Wayar farko da ta shigo ta wata mace ce. Ta ce, "Malam, muryar mahaifiyarmu ce. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta. Yayanmu kuwa bai dawo ba. Don Allah wa ya ajiye mana ita?"

Na juya, sai ga Baba a bayan gilashin ɗakin watsa shiri, ya dawo ɗaukar hularsa da ya manta a ƙusa. Na yafito shi ya zo gaban makirufo, ya girgiza kai.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerunmu, akwatin kaji yana nan a teburina, saura kaset sittin. Kafin ɗayanku ya sake cewa a tafi, ya zo ya zauna ya saurara, sannan ya amsa tambayar da na katse: a cikinku wa zai tafi?