Ranar da Abakpa ta wayi gari babu rediyo

A shekarata ta biyu ina koyarwa a sashen aikin jarida na wata kwaleji a Kaduna, shugaban sashen ya kira ni ofis, ya ce koyarwa kaɗai ba ta tabbatar da mutum a aiki. Ko dai in kawo rubutaccen bincike kafin ƙarshen zango, ko in kama gabana. Ga shi ban daɗe da yin aure ba. Sai na zaɓi abin da na ɗauka tuwona maina ne: in bi gida-gida a Abakpa, unguwar da na tashi, in tambayi mutane abin da suke saurara a rediyo.

Na buga tambayoyina da tafireta, na je na gaida mai unguwa. Shi kuma don ya kyauta mini, ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a cewa ma'aikacin gwamnati zai zo ƙirga rediyo. Kafin la'asar magana ta koma haraji za a ɗora wa duk mai shi. Ni da nake koya wa ɗalibai yadda labari ke sauya kama a hanya, ni kaɗai ne ban ji ba.

Washegari na sa kwat da taye a zafin bazara, na yi ta sallama a zauruka. Kowa ya karɓe ni da fara'a, kowa kuma ba shi da rediyo. Telan da tun ina yaro ban taɓa wuce shagonsa ban ji rediyo ba ya ce ƙarar kekensa ma ta ishe shi. Wani dattijo na nuna masa wayar eriya a kan rufinsa, ya ce ta shanya ce.

Da azahar na shiga wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta rene ni. Nan dai na san akwai, don ni na saya mata da albashina na farko. Sai na tarar da teburin wayam, ƙyallen da take rufe shi a ninke.

"Gwaggo, ina rediyon da na sayo miki?"

Ta dubi takardar hannuna, ta ce, "Wanda ya sayo mini ɗana ne. Kai kuwa da takarda ka shigo."

Raina ya ɓaci ƙwarai, daga baya kuma tsoro ya kama ni. Na cire kwat, na cusa takardar a aljihu, na zauna a tabarma na gaya mata aikina ne zai tafi. Ta zubo mini tuwo, sai da ta ga na ci. Sannan ta tura hannu cikin buhun gero ta zaro rediyon, ta hure shi. Daga nan ta zazzage mini unguwar kakaf: matan da ke taruwa a ɗakinta lokacin shirin gaishe-gaishe, telan da ke jin labarai ya kai majalisa da ƙarin gishiri, dattijon da ke kashe nasa in an sa kiɗa amma ya matso kusa da katangar maƙwabci. Ko harafi ban rubuta a gabanta ba, sai da na koma gida.

Binciken ya karɓu, aka tabbatar da ni. Shugaban sashen har ya yaba da dabarata, ni kuwa ban gaya masa ta Gwaggo ce ba. Amma daga ranar har ta koma ga Allah, duk sa'ad da na je gaishe ta sai ta leƙa aljihun rigata. In ta hango biro sai ta ce, "Koma ka ajiye gwamnati a zaure, sannan ɗana ya shigo."