Badaru da Bashin Tarakta

A unguwar Hor Al Anz ta Dubai ana ta yaɗa cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki Badaru aikin sasanta Sudan biyu, har an ba shi jirgi mai saukar ungulu da yake ajiyewa a kan rufin gidansu. Ƙarya ce tsagwaronta! Rufin nan ba komai a kai sai wandunan mutum tara da suke kwana ɗaki ɗaya. Badaru ɗaurin kwali yake yi a shagon kago na masu aika kaya a kasuwar Deira, kuma ko faɗan kaji bai taɓa rabawa ba. Amma maganar Sudan da ɗan ƙamshin gaskiya.

Babansa, Malam Ilu, mutumin Haɗeja ne. Ya tafi Makka ta ƙasa yana saurayi, ƙafa ta gaji a bakin Nilu, ya zauna. Can shi da Hausawan wurin suka kafa ƙungiyar gama-kai ta manoman dawa, rabi a Kosti ta arewacin Sudan, rabi a Renk ta kudanci. Suka ci bashin tarakta wurin wani dillalin injina, Malam Ilu ya dangwala yatsa saboda shi ne ma'aji. Da ƙasa ta tsage biyu, tarakta ta wayi gari a Kudu, takardar bashi a Arewa.

Malam Ilu ya rasu kafin yaƙin nan na yanzu. A wurin jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai bin mamaci bashi. Badaru, da ya sauka daga Dubai yana ƙamshin turaren dirhami biyar, ya yi zumbur ya ce, "Duk mai bin Baba, ya dawo kaina." Shi a zatonsa kuɗin goro ne da na mai shayi. Sai dillali ya yi gyaran murya daga sahun baya.

Tun ranar abu ɗaya ke cin Badaru: kada uban nan ya kwana a kabari da bashi a wuya.

Ya yi ta roƙo har ɓangarorin ƙungiyar biyu suka turo wakilai Dubai. Na Arewa Alhaji Abubakar Sadik, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Na Kudu Malam Mubashir, mai tasbaha a hannu da ido a tukunya. A ɗakin Badaru suka sauka, shi ya koma kwana kan kwalaye. Da safe kasuwa, da rana shinkafa da rago a aljihun Badaru, bayan la'asar sai a zauna sulhu minti goma.

"Tarakta tana wurinku, ku biya," in ji Alhaji.

"Wace tarakta? Kaji ke ƙwai a cikinta. Takarda tana wurinku."

"Takarda tana noma ne?"

"Yalla, maza Alhaji, miƙo min cinyar nan tukuna."

Kwana goma sha ɗaya suna haka. A rana ta sha biyu, karo na farko tun da aka raba ƙasa, Arewa da Kudu suka yi baki ɗaya: ai yaron nan ya ɗauka a gaban liman, kuma akwai shaidu. Halas, shi ke nan! Suka shafa fatiha, suka sa ya ɗaure musu kayan da suka saya, kyauta.

Badaru ya buga wa dillali waya, suka yanka abin da zai riƙa biya wata-wata. Shekara biyu bai je gida ba, bai ɗinka ko taguwa ba, burodi da wake har ya fara kama da su. Watan jiya ya tura na ƙarshe.

Ranar ce taubashiyarsa Suwaiba, 'yar ƙanwar babansa da ke zuwa saro kaya daga Kano, ta same shi a shago da salatif a bakinsa.

"Ranka ya daɗe mai tarakta! Bawana, an ce ka sayi akurkin kaji mafi tsada a duniya, ko ƙwai ɗaya ba a aiko maka ba. Wallahi a zuri'armu ba a taɓa haifar gaula irinka ba."

Badaru ya cire salatif, ya dube ta sama da ƙasa.

"Nawa uban ya kwanta ba mai binsa ko sisi. Ke kuwa da rabin Deira ke binki, ki roƙi Allah ya ba ki gaula ko ɗaya a cikin 'ya'yanki. Ɗaga ƙafarki daga kan kwalina."