Ɗan abokina da gidajen giya na bakin teku

Mun wuce garin Ainu Sukhna ke nan, teku na hagunmu, sai Nazifi ya miƙo min wayarsa daga kujerar baya.

Ɗan abokina ne, da ubansa muka yi karatu tare a unguwar Darrasa. Uban ya koma Kano ya zama babban malami, ni kuma na maƙale a unguwar Faisal ina tuƙa baƙi. Shi ya kira ni ya ce, "Ga ɗanka nan zuwa hutu, amana na ba ka."

A wayar, hotunan wasu ƙananan gidaje ne masu dafa giyarsu da kansu.

"Baba, ba za mu iya zagaye su duka ba. Kai da ka san hanya, wanne ya fi?"

Na ce, "Nazifi, ni babin haramcinta na karanta. Babin zaɓenta ba a koya mana ba."

Ya yi dariya. "Ma'alish, yi haƙuri Baba, ɗanɗanawa kawai. Ba sai Abba ya ji ba."

Na tsaya wurin mai ruwan rake na saya masa. Ya shanye, ya yi godiya cikin ladabi, sannan ya kira wata mota ta tafi da shi.

Bayan la'asar uban ya kira, murya cike da murna. "Yaya ɗan namu?"

Na dubi kujerar baya, wayam. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Na gaji, jama'a. Da ku ne, me za ku gaya wa uban?