Ranar da Inna ta shiga littafin baƙi

"Ki ce nan, Inna! Ki ce garinmu Matameye!" Abin da nake ta faɗa a raina ke nan, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ma'aikata biyu ne zaune a zaurenmu, magajin gari ya turo su gida-gida suna rubuta baƙin da suka shigo daga ƙetare. Wai a san su, a ba su kati, ƴaƴansu su shiga lekwal, wato makarantar boko. Ni kuwa na riga na ji cewa duk mai sana'ar da aka rubuta, sabon layin baƙi za a mai da shi, can bayan kasuwa inda ba kowa. Inna tun kafin a haife ni take saida daddawa a bakin ƙofar kasuwa. Wurin nan ke ci da mu.

Babban ma'aikatan ya ce, "Inna, ke ƴar ina ce?"

In ka tambayi tsohuwa haka, ba inda take kwana za ta faɗa maka ba, sai inda aka binne cibiyarta. Ta gyara zama ta ambaci ƙauyensu na wajen Daura, can ƙetaren iyaka, har da unguwa. Na ga bik, bironsa, ya fara tafiya a kan takarda.

Na ce, "Malam, tsaya! Aure ya kawo ta, duk nan ta haife mu!"

Ya ce, "To madalla. Takardar auren fa?"

Inna ta yi dariya. "Takarda? Goro aka raba, ɗan nan."

Suna fita na ruga wurin mai unguwa. Ya ce in kawo waɗanda suka shaida ɗaurin auren. Baba ya rasu, waliyyai sun rasu, saura tsoho guda a Yauri, shi ma ba ya gane mutane. Mai unguwa ya rage murya ya ce akwai hanya: ta koma ta ce ruɗewa ta yi, a Icirnawa, nan cikin ƙasarmu, aka haife ta, shi zai tsaya mata.

Na dawo na durƙusa gabanta. "Inna, don Allah. Kalma ɗaya ce."

"In canza wa uwata gari tana kabari? Tashi ka ba ni wuri."

Ranar kasuwa na raka ta. Duk wanda ya nufo mu da takarda a hannu, sai gabana ya faɗi. Wajen hantsi ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tsaya, ya gaishe ta da ladabi, ya miƙa mata kati mai hotonta, ya nuna bayan kasuwa. Ni na ɗauki ƙwaryar. Har muka isa ban iya kallonta ba.

Da na katse ta tun a zaure na amsa da bakina, da tana wurinta. Ku fa, in uwarku ce, za ku rufe mata baki?