Sallamar Kaka ga Aljanar Rijiya

Ƙamshin jiƙaƙƙen guga ne ya tuno mini da kakata yau. Ba ta zura guga a rijiyar garinmu Ollelewa sai ta yi wa aljanar ciki sallama.

Ana sabon 'yancin kai, wani malami ya ji ta, ya ce, "Inna, aljana shekara dubu take yi. Ina ruwanta da gaisuwarki?"

Ta ce, "Malam, kai ka ƙirga mata? In ma haka ne, abar tausayi ce. Duk wanda ta saba da muryarsa, a gabanta ake binne shi."

Tun rasuwar Kaka ni nake sallamar, kada shiru ya yi wa aljanar yawa. Allah Ya sa kabarinki ya fi ruwan nan sanyi, Kaka.