Likitan Gul Andam

Ni da Didar Wali katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, a ƙauyenmu da ke sama da garin Mastuj, cikin tsaunukan yankin Chitral. Mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, don haka yayarsa Gul Andam ce ta goya shi. Ita ta koya masa baƙi da wasali kafin a kai mu makaranta, ita ke cusa masa gurasa da busasshiyar tuffa a aljihu, har ni ma in samu rabona. Mace ce mai barkwanci. In tana wanki a bakin kogi, daga nesa za ka jiyo matan suna ƙyaƙyata dariya.

Muna sakandare ciwon ya same ta. Sai ta yi kwana da kwanaki ba barci, tana zuba zance ba kai ba gindi, daga nan kuma ta yi shiru wata da watanni, fuskarta a bango. Mutane suka ce aljanun kan dutse ne. Mahaifinsu, Baba Purdum, ya hana a yi maganar ko a cikin gida. Sau ɗaya aka kai ta Peshawar a ɓoye, wani likita ya ba ta ƙwayoyi, ta dawo garau, har ta ɗinka wa Didar hula. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta toshe hanyar dutsen Lowari da ake bi zuwa Peshawar, maganin ya ƙare, ciwon ya dawo. Didar ya ga wannan da idonsa. Tun daga lokacin ya daina zuwa kallon wasan folo na dawaki da mu, ya duƙufa kan littafi.

Ya ci jarrabawa, aka kira shi ganawa a wata makarantar likitanci a Karachi. Ana gobe zai tafi muka taru a gindin tuffar gidansu ana shan shayi mai gishiri. Kawunsa Hazar Baig, wanda ya yi aikin jinya a soja, shi ya karɓe zancen.

"Za su tambaye ka wane fanni kake so. Kada ka kuskura ka zaɓa. Yaron da bai taɓa riƙe allura ba, me ya sani? Ka ce duk inda aka sa ka, ka gode."

"Kawu, ai na san wanda nake so."

"Wanne?"

"Ciwon ƙwaƙwalwa."

Kawu ya dire kofi. "Likitan mahaukata? Duk wannan karatun da ka sha? Ka ce zuciya mana, ko tiyata, abin da za a ji a girmama ka!"

Baba Purdum bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In ka faɗi haka, za su ce me ya sa. Sai ka kwashe asirin gidana ka zube gaban baƙi?"

Ashe Gul Andam tana bakin ƙofar madafa tana jin mu. Lokacin tana cikin kwanakinta na sauƙi. Ta leƙo da gari a hannunta ta ce, "Ɗan ƙanena, faɗa musu. Ka ce kana da mahaukaciyarka ta kanka a gida, ba sai sun ara maka tasu ba."

Ita kaɗai ta yi dariya. Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Didar ya faɗa musu. Ya ba ni labari daga baya cewa likitoci uku ne a zaune, wata dattijuwa mai tabarau a cikinsu ta yi tambayar, shi kuma ya kawo komai, har da ƙanƙarar da ƙwayoyin da suka ƙare. Dattijuwar ta ce, "In ka shigo ka ga wani fannin ya fi kwanta maka fa?" Ya ce, "Zan koye shi, ranki ya daɗe, amma na san inda zan koma." Aka ɗauke shi. Ko don wannan amsar ce, ko don makinsa, babu wanda ya sani.

Kawu Hazar Baig ba ya iya riƙe magana, kafin wani lokaci labari ya zaga ƙauye. Samari suka laƙaba wa Didar Likitan Gul Andam. Da farko tsokana ce. Amma in ya zo hutu sai ka ga tsohuwa ta shigo wai aron rariya, ta ja shi gefe tana raɗa masa halin da ɗanta ke ciki. Gul Andam kuwa duk wadda ta haɗu da ita sai ta ce, "Ƙanena yana can yana karanto ciwona. Ku bari ya gama, ni zan riƙa yi muku layi."

Yana shekara ta huɗu, cikin tsakiyar sanyi, Gul Andam ta fita da safe da tulu. Bayan azahar aka same ta a ƙasan gada. Baba Purdum ya ce santsi ne ya kwashe ta, babu kuma wanda ya musa masa a fili. Hanya a rufe take, jirgin saman da ke zuwa Chitral bai tashi ba saboda hazo, sai da aka yi sadakar arba'in Didar ya iso. Na raka shi maƙabarta. Bai yi kuka ba. Ya tsuguna ya share ƙanƙarar da ke kan kabarin da hannu, ya tambaye ni ko maganinta ne ya ƙare. Na ce bai ƙare ba, shi da kansa ya aiko da na wata shida. Ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa, muka koma gida.

Da ya koma, ajinsu ya kai ga zagayen ɗakin masu taɓin hankali. Ranar farko ya ga wata mata zaune a kan gado ta juya fuska bango. Ya fito baranda ya yi amai. Da ƙyar ya ƙarasa makonnin, ya ci jarrabawar, bai sake taka wurin ba. Da ya gama, ya zaɓi ɗakin gwaje-gwaje, inda ake kawo jini da tsokar mutum a kwalba, likita ba ya ganin mai ciwon.

Dattijuwar nan mai tabarau ta tare shi wata rana a matakala. Ta ce, "Ɗana, abin da yaro ya faɗa a ganawa ba rantsuwa ba ce. Rabin waɗanda suka ce mana tiyata suna can suna duba fata." Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Ba ku kaɗai na faɗa wa ba."

Yanzu yana Peshawar, furfura ta fara cin gemunsa, yana da 'ya'ya mata uku. An ce ƙwararre ne a aikinsa. An fasa rami a cikin dutsen Lowari, mota na wucewa rani da sanyi, amma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Baba Purdum ya rasu ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Bara da ya zo, wata maƙwabciyarmu ta kawo masa ɗanta, saurayi, wanda ya daina magana tun bayan girbi.

"Likita, ga shi nan, ka duba mini."

"Inna, ni ba wannan likitan ba ne. Jini nake dubawa."

"To ai da jini a jikinsa," in ji ta, ta zaunar da yaron a kan shimfiɗa.

Didar ya zauna kusa da shi. Bai iya yi wa yaron ko tambaya ɗaya ba. Washegari ya katse hutunsa, ya sa su a motarsa zuwa Peshawar wurin wani abokin karatunsa, likitan ƙwaƙwalwa. Yaron ya samu sauƙi, yana kiwon awakin ubansa. Bana an gama ɗibar tuffa Didar bai zo ba. Da na kira shi a waya ya ce aiki ne ya yi masa yawa.